MURYOYIN TSOFAFFIN GEM: TSAKANIN PS DA KWAMFUTA, WA YA FI IYA MAGANA?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta abinsu cikin natsuwa.

Abin da ya jawo maganar yau gardama ce. Ranar Asabar mun tashi daga Birnin Kebbi za mu Argungu ɗaurin auren wani abokinmu, mu huɗu a mota. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma wallahi sai da kunnena ya yi zafi. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya karanta kwamfuta a Waziri Umaru, shi ya fara. Ya ce gem ɗin da, in dai maganar murya ake, na kwamfuta sun yi wa na PS fintinkau, wai duk duniya an san haka. Ɗayan kuma, wanda kusan a gidan gem aka yaye shi, ya juyo daga gaba ya ce, "Kai malam, bar wagga magana. Gem ɗin kwamfuta da ko magana ba su yi? Baki ka motsi, shiru kaka ji."

Har muka shiga Argungu ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Ni kuma da na dawo gida na zauna na yi tunani, sai na ga ai su biyun duk gaskiya suka faɗa. Kowa abin da kunnensa ya ji yake ba da labari. To bari mu bi ta daki-daki.

Mu fara da gidan gem, don nan yawancinmu muka fara. Na unguwarmu shago ne ɗan ƙarami, benci biyu, talabijin mai ƙusumbi guda uku, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa wanda ƙararsa ta fi ta gem ɗin. Ka biya naira goma ko ashirin, a miƙa maka hannu, wanda aka ci ya tashi. Abin da na fara tararwa Sega ne, mai kaset ɗin nan da in ya ƙi tashi sai a zare a hura masa iska a mayar.

Wanda ya buga Mortal Kombat a Sega ya san muryar da nake nufi. Murya ce kamar ta mutumin da aka tura cikin randa aka rufe, aka ce ya yi magana. Kalma biyu, uku, shi kenan. Mu a lokacin mun ɗauka haka aka so ta, don ta ba da tsoro. Ashe rashin wuri ne.

Ga lissafin, mai sauƙi ne. Sauti irin na faifan CD, minti ɗaya yana cin kusan megabait 10. Kaset ɗin Sonic na farko, wanda ya fito a 1991, gaba ɗayansa rabin megabait ne. Ka ga ke nan da sauti mai kyau za a zuba a ciki, daƙiƙa uku ta cinye kaset ɗin, ba gem, ba hoto, ba komai. Wannan "Segaaa" da ake rerawa in ka kunna Sonic, ita kaɗai ta ci wuri mai yawa a kaset ɗin. Don haka dole a matse murya a murƙushe ta har ta koma kamar ta cikin randa. Kuma tunda maganar ba ta da yawa, ba wanda zai tsaya neman ɗan wasan kwaikwayo. Ihun nan da Scorpion yake yi in ya jefo igiyarsa ya fizgo ka, Ed Boon ne ya yi shi, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri gem ɗin. Mai gini ne ya shiga ya yi wa kansa guɗa.

Sai PlayStation ta zo. A Japan ta fito a ƙarshen 1994, mu kuma sai bayan shekaru ta iso mana. Ita faifai take ci, faifai ɗaya kuma yana ɗaukar megabait 650. Wuri ya samu, baki ya buɗe.

Muryar da ta fara shiga ranmu a Kebbi, ina da tabbacin ba ta Bature ba ce. Ta Bajapane ce. Winning Eleven! Mai sharhin nan da in ka ɗana ƙwallo zai ƙwala "shuuto", in ta shiga ya ja "gol" ɗin kamar ransa zai fita. Sunansa Jon Kabira, ma'aikacin rediyo ne a Japan. Ko kalma ɗaya ba mu ji a abin da yake faɗa, amma mun haddace shi tas, har mun ba kalmominsa ma'anar da muka ga dama. Akwai wani dattijo mai facin taya kusa da shagon, wata rana ya leƙo ya ce, "Yara, wanga mutum mi anka yi mai yaka kuwwa haka tun da sahe?" Muka ce, "Baba, ƙwallo anka ci." Ya ce, "To Allah shi ba shi haƙuri."

Ku riƙe wannan a ranku, don za mu dawo kansa: mutumin ba mu jin yarensa, amma mun san ya iya. Me ya sa? Saboda da yarensa yake magana, aikinsa yake yi, kuma zuciyarsa na ciki. Wannan ba ya buƙatar tafinta.

Yanzu ga kishiyarsa. Resident Evil, 1996. Wannan gem ɗin ba a buga shi da rana a shagonmu, sai dare, in masu ƙwallo sun watse. Mai shago ya rage wuta, mu taru a bayan mai bugawa, kowa ya ƙanƙame gwiwarsa. In ƙofa ta yi ƙara, ko wani ya yi magana a cikin gidan nan, gabanmu ya faɗi. Ni dai har mafarki na yi. A wurinmu muryoyin nan ba su da makusa.

Sai da na girma, Turancina ya ɗan nuna, intanet ta zo hannu, na tarar ashe duniya dariya take yi wa muryoyin nan. Ana saka su a sahun gaba in ana lissafin mafi muni a tarihin gem. Akwai wurin da rufin ɗaki ya kusa danne Jill, abokin aikinta Barry ya cece ta, maimakon ya ce sannu sai ya ce mata wai saura kaɗan ta zama sanwici. Na koma na sake saurara, wallahi sai da na riƙe ciki. Mutum yana gaban gawa amma yana magana kamar mai karanta allon talla.

Me ya jawo? Ba laifin PlayStation ba ne, wuri akwai. Kamfanin Capcom na Japan ne, a Tokyo aka ɗauki muryoyin, da Turawan da ke zaune a can. An rubuta labarin da Japananci aka juya shi Turanci, kuma masu yanke hukuncin wace ɗauka ta yi, wace ba ta yi ba, ba Turanci ne yarensu ba. Har kwafin da aka sayar a Japan da Turancin aka bar shi, aka sa rubutu a ƙasa. Su a kunnensu ya yi daidai da fim ɗin Amurka. Kamar yadda mu ma a kunnenmu ya yi. Mu da su jirgi ɗaya ya kwaso mu. Da suka sake gina gem ɗin a 2002, sai da suka sake ɗaukar muryoyin gaba ɗaya.

To a nan abokina na Waziri Umaru yake da gaskiya. A daidai waɗannan shekarun, a Amurka da Turai, kwamfuta ta riga ta yi nisa. Ta riga PlayStation samun faifai, kuma manyan kamfanonin gem ɗinta a Amurka suke, wasu ma a jihar California, maƙwabtan masu fim. Tun 1993 LucasArts suka fitar da Day of the Tentacle a faifai, kowane layi da murya. A 1994 aka yi Wing Commander III, faifai huɗu, aka kashe wajen dala miliyan 4, aka ɗauko Mark Hamill na fim ɗin Star Wars da Malcolm McDowell suka yi wasa a ciki. Marubucin Turanci yake ji, daraktan Turanci yake ji, ɗan wasan sana'arsa ke nan. Ina za ka haɗa da wanda aka tsinto a Tokyo aka miƙa masa takarda?

Amma kar a yi saurin ba kwamfuta kofi. Ita ma tana da nata abin kunyar. King's Quest V na kamfanin Sierra, da za a sa masa murya, ma'aikatan ofis aka tattaro suka yi. Akwai wata mujiya a ciki da har yau masu gem ba su yafe mata ba. Sannan a ɓangaren PS, 1998 ta kawo Metal Gear Solid. Shi ma gem ɗin Japan ne, amma Konami suka kai aikin Turancin Amurka, suka ba darakta ta musamman, Kris Zimmerman, David Hayter ya yi muryar Snake. Na'ura ɗaya da Resident Evil, shekara biyu kacal tsakaninsu, amma kamar dare da rana. Ka ga ashe ba na'urar ba ce.

Yanzu mu dawo gida, mu ji ta bakin ɗan gidan gem da ya ce na kwamfuta ba su magana.

Lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajenmu, PS2 ta riga ta cika gari. Kuma zamanin PS2 muryoyi sun gyaru sosai. GTA Vice City na 2002, Ray Liotta ne ya yi Tommy. San Andreas na 2004, Samuel L. Jackson ne ya yi mugun ɗan sandan nan Tenpenny. God of War kuma, in Kratos ya daka tsawa har mai sayar da fiya wata a waje sai ya waigo. Duk wannan a faifan PS2 muke jinsa cikakke.

Na kwamfuta fa? Ba wanda yake sayen na asali. Wurin masu tura gem ake zuwa da filashi, ko a karɓa wurin aboki. San Andreas cikakke ya kai wajen gigabait 4, filashin mutum kuma gigabait 1 ne in ya yi arziki, intanet ɗin kafe kuma sai ka yi sallah biyu shafi bai buɗe ba. To masu matse gem ɗin nan na intanet, me suke fara cirewa don ya ƙanƙance? Abin da ya fi cin wuri: sauti. Su cire rediyon cikin mota, su cire maganganun labari, su bar maka ƙarar bindiga da ta inji. Ka tuna lissafin kaset ɗin Sonic? Shi ne ya sake dawo mana ta bayan gida. A can kwamfuta ce mai baki, PS na koyon magana. A nan PS ce mai baki, kwamfuta kurma.

Kuma a nan ne na ga abin da ya sa na ce sai na yi wannan shirin.

Wani hutu na je Argungu gidan kawuna. Babban ɗansa ya samo wata tsohuwar kwamfutar tebur, ta hannu, da San Andreas irin matsattsen nan a ciki. Aka kunna. CJ ya sauka daga jirgi ya dawo jana'izar mahaifiyarsa, 'yan sanda suka tare shi, bakuna na motsi, ba abin da ke fita. Yara sun cika ɗaki. Sai ƙanensa, yaro ɗan aji biyu a sakandare, ya gyara zama ya fara yi musu magana da bakinsa. Ya kumbura murya ya zama Tenpenny: "To, ɗan birni, ka dawo? Mi ka kawo muna tsaraba?" Ya sassauta ya zama CJ: "Ranka shi daɗe, ta'aziyya ni zo, ban da ko sisi." Ɗakin ya kece da dariya.

Tun daga ranar, ba a buga gem ɗin sai yana nan. In an aike shi sai a dakata. Labarin da yake bayarwa ba shi ne na gem ɗin ba, ƙirƙirarsa yake, amma yana kallon fuska, yana kallon hannu, yana sanin inda zai ja numfashi. Da aka zo wurin da 'yan'uwan suke faɗa a maƙabarta, ya sauke murya, ɗakin ya yi tsit. Wata ƙanwarmu har da share hawaye. Daga baya na buga gem ɗin da muryoyinsa na asali, da Samuel L. Jackson da kowa, kuma sun yi ƙoƙari, ba ƙarya. Amma ban ji abin da na ji a ɗakin nan na Argungu ba.

Abin da yaron nan yake yi a kyauta, shi ne daga baya ya zama sana'a a Kano. Fassarar fim ɗin Indiya, irin ta su Algaita, wacce yanzu ba wayar da za ka buɗe a tasha ba ka same ta ba. Ku lura da yadda muke da su. Mu da muka haɗiye muryoyin Resident Evil ba ko tari, yau in mai fassara ya yi kuka bai kai zuci ba, cikin daƙiƙa biyar mun gane. In ya ba tsoho muryar yaro, mun gane. In karin maganar da ya jefa ba ta zauna ba, a ranar za a yi masa ca. Kunnenmu bai canza ba. Yaren ne ya zama namu.

Don haka in ka tambaye ni me ke sa muryar gem ta yi kyau, abu uku na gani. Na ɗaya wuri, kuma wannan matsalar ta mutu, wayar da ke hannunka ta fi faifai ɗari. Na biyu kuɗi, a biya wanda ya iya maimakon a jawo ɗan ofis. Na uku, wanda ya fi duka, a samu mai kunne a ɗakin ɗauka. Mutumin da yaren yarensa ne, wanda zai iya cewa, "A'a, ba haka ake faɗin ta ba, sake."

Me ya sa wannan ya dame ni yanzu? Saboda layi ya kusa zuwa kanmu. Larabawa sun samu sharhin ƙwallo da yarensu tun FIFA 12, da muryar Issam Chaouali ɗan Tunisiya, wanda da yawanku kun san shi. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai asali da Kenya, wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins, ya fitar da nasa gem ɗin, Tales of Kenzera: Zau, kuma za ka iya buga shi da muryoyin Swahili. Hausa da miliyoyin masu jin ta, da yaranmu da ke kwana kan gem a waya, ba za a daɗe ana tsallake ta ba. Ko wani kamfani daga waje ya sa ta, ko wani yaro a Gesse ko Badariya da laftof ɗinsa ya gina nasa.

Ku ɗauka an ce yau za a yi gem a kan bikin kamun kifi na Argungu. Kuma ya cancanta, biki ne da ake yi tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Ga Matan Fada, ga dubban masunta sun jeru da homa da gora suna jiran a ba da alama, ga makaɗa cikin kwalekwale, ga giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Gem ne a shirye. To wa zai yi muryar Sarkin Ruwa? Wa zai yi ta masuncin da ya fito da kifinsa yana kirari? In aka ba wanda bai taɓa jin yadda Bakabe ke magana ba, ya zo yana "me ka ce" a inda ake "mi ka ce", yana "wannan" a inda ake "wanga", to mun yi namu Resident Evil ɗin. Baƙo zai buga ya ce ya yi kyau. Mu kuma daga Argungu har Augie za mu riƙe ciki. Ba wai Hausar Kano ba ta da kyau ba ne, a'a, kowace da mazauninta. Ko fim ne, ba ka ba Basakkwace rawar ɗan Fagge ba tare da ya koya ba.

Ga kuma wata sabuwa, muryar inji. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana karanta Hausa, kuma kullum ƙara gogewa take. A Amurka masu yi wa gem murya sun shiga yajin aiki a watan Yulin 2024 saboda wannan maganar, suka yi kusan shekara guda. Mai gina gem da ba shi da kuɗi, abu mafi sauƙi gare shi ya danna maɓalli inji ya karanto masa. Ban ce haramun ba ne. Amma in ba mai kunne a ɗakin, wanda zai ce wannan ba ta yi ba, to za mu samu Hausa mai tsabta wacce ba ɗan'adam ɗin da ke yin irinta. Allon talla ke nan ya dawo.

Shi ya sa nake cewa masu murya a cikinku, kar ku raina abin. Kai da kake kwaikwayon malaminku har aji ya fashe, ke da kike yi wa ƙannenki tatsuniya da murya biyar, wannan sana'a ce a wasu ƙasashen, da ita ake cin abinci. Ɗauki waya, cire sautin wani yanki na gem, ka yi masa Hausar garinku, ka ba wanda ba ya jin kunyarka ya saurara. In ya ce ba ta yi ba, ka sake. Yaron nan na gidan kawu yanzu magidanci ne, shinkafa yake nomawa a fadama. A wurin ɗaurin auren na gan shi na tuna masa, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe ba ka mance ba?" Na ce ina fa zan manta.

Gardamar mota kuma, ga hukuncina, in sun ga dama su ɗaukaka ƙara. Daga 1993 zuwa wajen 1998, a ƙasashen da aka yi gem ɗin, kwamfuta ta fi. Daga Metal Gear Solid zuwa zamanin PS2, an yi kunnen doki. A Birnin Kebbi da Argungu kuwa, PS ce ta ci, don ita kaɗai ta zo filin da bakinta.

Saura ku. Wace murya ce ta gem ɗin da har yau take kanku? Kuma me kuke cewa Jon Kabira yana faɗa a unguwarku? Don na san kowane gidan gem da tasa fassarar. Ku rubuto mana a ƙasa, za mu karanto masu daɗin a shiri na gaba. Wanda kuma ya gwada yi wa wani gem muryar Hausa, ya turo mu ji, ba za mu yi dariya ba sai in ta kama.